Jirgin da Ke Ƙin Ji a Kwana

Mai Rediyo ya kwance sukurun ƙarshe, ya ɗaga murfin bayan rimot ɗin, ya kanga cikinsa a fitilar tebur. Tela na tsaye a kansa, har numfashinsa na taɓa masa kunne.

"Matsa mini, kana tare mini haske."

Tela ya ja baya taku ɗaya, ya sake dawowa inda yake.

Ba rimot ɗin talabijin ba ne, na tuƙa ƙaramin jirgin sama ne. Baƙin akwati ne mai nauyi, da 'yan sanduna biyu da ake turawa da manyan yatsu, da doguwar eriya da ake zarowa, da allura a goshinsa da ke tashi in an kunna. Jirgin kuwa yana waje cikin motar Tela, an kwantar da kujerar baya saboda shi, fiffikensa ya kusa tsawon mutum. Yayan Tela, wanda kafinta ne, shi ya fafe ƙashin jirgin da katako marar nauyi, Tela ya lulluɓe shi da jan yadi. Mutane sun daɗe da gajiya da yi musu dariya, magidanta biyu da furfura suna bin abin wasa a fili.

Bara ɓarin jikin Yaya na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta zama sai da ƙyar. Tun daga nan ba ya fita ko ƙofar gida sai ƙarshen mako, in Tela ya ɗauke shi zuwa filin bayan gari inda 'yan ƙungiya ke tashin jiragensu. Nan ma ba ya sauka. A can ƙarshen fili Tela ke ajiye motar, a gindin wata bishiya, don Yaya ya tsani a yi ta zuwa ana yi masa sannu da ido mai tausayi.

"Sake faɗa mini yadda yake yi," in ji Mai Rediyo.

"Yana tafiya lafiya lau, sai kawai ya ƙi ji. Inji ya yi ƙasa kamar an sauke totur, wutsiya ta fizga. In yi ta murɗa sanda, a banza. Kafin ka ƙifta ido kuma ya dawo hannuna kamar ba shi ba."

"Wancan makon fa?"

Wancan makon bai dawo hannun Tela ba. Jirgin ya kifo da ka, farfela na juyawa, ya caki ƙasa kusa da ƙafar wata mata da ta zo kallo da goyo a bayanta. Har yanzu in Tela ya rufe ido yana ganin yadda ta durƙushe tana laluben kan jaririn. Babu wanda ya ji ciwo, sai hancin jirgin da ya farfashe, shi ma ya gyara shi. Amma Ciyaman ɗin ƙungiya ya ja shi gefe ya gaya masa kai tsaye: in mako ya zagayo, wato yau, za a ba shi tashi ɗaya a gaban kowa, in sigina ta sake yankewa, shi da tsohon rimot ɗinsa sun gama da filin. In kuwa an gama da filin, Tela ya san Yaya ya gama da fita ke nan, sai dai asibiti.

Mai Rediyo ya fara aikinsa. Ya auna batir, ya ce ƙalau yake. Ya kunna rimot ɗin ya girgiza shi, ya ƙwanƙwasa shi da gindin sukundireba, ya kifa shi, ya ɗago, idonsa na kan allura, ita kuwa ko gezau. Ya ɗauko gilashin ƙara girma ya bi dalmar da aka liƙa wayoyi da ita ɗaya bayan ɗaya, yana tsaki duk inda ya ga aikin Yaya ya fi nasa tsafta. Ya ja wayar eriya, ba ta saki ba. Har abin busar da gashi ya aro a shagon mai kitso na gefe, ya hura wa cikin iska mai zafi, wai ko in rana ta dake shi ne yake tayar da rigimar.

"Abin da na tsana ke nan a sana'ata," in ji shi, "cuta mai zuwa ta koma. Wanda ya mutu murus ya fi mini sauƙi, ka san inda za ka kama. Wannan kuwa da ya ga likita sai ya miƙe ya ce shi lafiyarsa lau."

Ya mayar da murfin, ya sa Tela ya maida eriya ciki ya kama hanya da rimot a hannu, shi kuma ya tsaya a jikin mota yana kallon wutsiyar jirgi. Haka Tela ya ratsa layin masu kayan wuta yana murɗa sanduna, ya wuce masu katifa, yana waiwaye Mai Rediyo na ɗaga masa hannu ya ci gaba. Wani mai faci ya yi masa ihu, "Tela, in mota kake tuƙawa ka baro ta a baya!" Ko murmushi bai yi ba. Sai da ya kai bakin titi sannan ya juyo, gumi ya jiƙa masa riga.

"Ko sau ɗaya ba ta tsaya ba," in ji Mai Rediyo. "Rimot ɗinka ya fi ni lafiya. Risibar da ke karɓar sigina a cikin jirgin ma na duba, babu komai. To gaya mini, a ina yake yankewa?"

"A kwana. In ya kai ƙarshen fili zan juyo da shi."

"Kullum a nan?"

"Kullum."

"Akwai turken waya a wurin? Wayar wuta? Rufin kwano?"

"Babu komai sai ciyawa da bishiya, sai motata."

Mai Rediyo ya ɓalle wani ɗan ƙaramin murfi a bayan rimot ɗin, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu wanda bai wuce ƙwayar magani ba. Nan take allura ta faɗi. Ya mayar, ta tashi.

"Ka san wannan kiristal shi ke riƙe maka layi. In babu shi, akwati kawai kake riƙe da shi. In kuwa wani ya kunna mai irin lambarsa, jirgi ba shi da amana, wanda ya fi kusa da shi yake bi. Ni dai a ganina wani ne ke hawa layinka."

Tela ya girgiza kai. Wannan ai tsohon karatu ne a wurinsa. Saboda shi ne ma aka kafa allo a bakin fili, aka jera maƙalan shanya na katako, kowanne da lambar layi, ba mai kunna rimot sai maƙalin layinsa na maƙale a eriyarsa. Wanda ya kunna ba maƙali, korarsa ake yi, ko uban waye shi. Yaya ne ya kafa dokar, shi ya ƙera allon da hannunsa. Yanzu kowa ya koma sabbin rimot da ba sa karo da juna, maƙali ɗaya tak ya rage a allon, na Tela.

"Mu biyu ne kawai a layin nan, ni da Yaya," in ji shi. "Tagwaye muka saya, tunda jirgi ɗaya muke tuƙawa, in ɗaya ya kunna ɗaya ya kashe. Nasa kuwa batir ya daɗe da mutuwa. Yana dai ɗora shi a cinya ne ya ji daɗi."

Mai Rediyo ya dube shi ta saman gilashi. "Ka tabbata?"

"Na tabbata mana."

"To Allah ya sa," in ji Mai Rediyo, ya miƙa masa kayansa.

Rana ta karkata lokacin da Tela ya isa gidan Yaya. Ya same shi a falo an riga an shirya shi, an sa masa riga mai guga, hannun dama na kwance a cinya kamar ba nasa ba. Tela ya durƙusa ya gaishe shi, Yaya ya gyaɗa kai, idonsa na kan ƙofa. Ranar fili ba ya son doguwar gaisuwa.

"Ga mijin nawa na biyu, sai yanzu?" in ji matar Yaya tana fitowa daga ɗaki. "Tun ɗazu yake ta nuna mini agogo, kamar ni na riƙe ka."

"Anti, wurin gyara na tsaya."

"Ku dai da gyare-gyarenku. Tsaya in ɗauko masa abin nasa, in an manta da shi yau ba mai barci a gidan nan."

Ta sunkuya bayan kujera, ta zare wata waya daga jikin bango, ta ɗago rimot ɗin Yaya tana naɗe wayar a hannu. Tela ya zuba wa wayar ido.

Ya bi ta har bakin kicin, ya sassauta murya. "Anti, caji kike sa masa?"

"To da fa? Ai tsohon batir ɗin ya mutu, ni na kai aka haɗa masa sabo. Ka san wahalar da na sha kafin in gane abin da yake nufi? Yana ta nuna mini allurar nan yana bugun kujera. Ranar da ta tashi, wallahi ranar ya fara cinye abincinsa tas." Ta dube shi. "Lafiya? Ka yi wani iri."

"Tun yaushe?"

"Ya ɗan kwana biyu. Me ya faru?"

"Babu komai," in ji Tela. Ba sai ya yi lissafi ba, ya san tun lokacin ne jirgin ya fara ƙin ji.

Ya tallafo Yaya ya sa shi a gaban mota, ya ɗaga masa matacciyar ƙafar ya shigar, ya ɗaura masa bel. Yaya ya rungume rimot ɗinsa da hannun hagu. Suka fita daga unguwa, suka bi ta gaban tashar mota, cunkoso ya riƙe su, ya sake su. Tela na ta juya maganar a baki ya rasa ta inda zai kamo ta. Mutumin nan shi ya goya shi zuwa makaranta, shi ya saya masa keken ɗinki na farko. A rayuwarsa bai taɓa ce wa Yaya ka yi ba daidai ba.

"Yaya," ya ce daga ƙarshe, idonsa na kan titi, "in ina tashi, kana kunna naka ne?"

Yaya ya daɗe yana kokawa da leɓensa. "Kwana," in ji shi. "Kana... ƙasa."

"Ina yin ƙasa a kwana?"

"Kullum." Ya ɗaga babban yatsan hagu ya ja sandar baya, a hankali, da kyau, yadda ya koya wa Tela shekaru da yawa da suka wuce. "Ni ke... ɗago shi." Gefen bakinsa mai rai ya motsa, murmushi ne. "Wancan... ban... samu ba. Ka yi... ƙasa... da yawa."

Tela ya ji kamar ya tsayar da motar ya fita ya yi kuka a bakin hanya. Yanzu komai ya fito masa sarai. In jirgi ya kai kwana, ya fi kusa da motar, sai ya saki Tela ya bi Yaya. Yaya kuwa hannu ɗaya gare shi, sanda ɗaya yake iya riƙewa, ta totur tana can kwance a ƙasa babu mai taɓa ta. Shi ya sa inji ke mutuwa. Shi a ransa ceton ƙanensa yake yi, kamar da, lokacin da yakan fizge rimot daga hannun Tela in ya ga jirgi zai ci ƙasa. Ciwon da ya ɗauke masa hannu ya haɗa da dokar maƙali ya tafi da ita, ya bar masa idon gwani.

Da ana samun kiristal a kasuwa da Tela ya canja layi ya huta, amma an daina yin su tuntuni. Ya gaya wa Ciyaman gaskiya? To a kori Yaya ke nan da dokarsa, a gaban yaran da shi ya koya wa tashi. Ya gaya wa Yaya? Sai ya gaya masa cewa shi ya kusa sauke farfela a kan jariri. Tela ya ƙara wa motar wuta ba don yana sauri ba.

A gindin bishiyar ya tsaya kamar kullum. Daga nesa ana hango 'yan ƙungiya sun yi cincirindo a bakin allo, yau har waɗanda ba su cika zuwa ba sun zo. Tela ya fito da jirgin ya ɗaura masa fiffike, ya zagayo ta tagar Yaya.

"Kawo in goge maka shi, Yaya, duk ya yi ƙura."

Yaya ya sakar masa. Tela ya juya baya, ya sa gefen rigarsa yana gogewa, farcensa na ɓalle ɗan murfin. Sai da ya ja sau da yawa kafin kiristal ɗin ya fito. Ya jefa shi a aljihu, ya rufe, ya mayar wa Yaya rimot ɗin a cinya. Bai yarda sun haɗa ido ba. Bai taɓa sata ba, sai yau, kuma wai Yaya ya yi wa.

Ciyaman ya tare shi a bakin allo, ya ciro maƙalin da kansa ya maƙala masa a eriya. Mutum ne mai kirki, abin ya dame shi shi ma. "Tela, ka san ba ni da komai da kai. Amma in ya sake, kada ka sa in yi magana."

"Na sani, Ciyaman."

"An gano matsalar?"

"An gano."

Aka matsar da mutane baya. Tela ya zuba mai, ya buga farfela, inji ya kama da ƙara mai kaifi. Jirgin ya ruga a ƙasa, ya ɗaga hanci, ya hau. Ya miƙe ya nufi ƙarshen fili, ja a cikin farin sama, ya tunkari bishiyar. Tela ya ji duk filin ya riƙe numfashi tare da shi. Ya kwantar da fiffike, ya shiga kwana.

Inji bai ko yi tari ba. Jirgin ya zagayo sumul, ya dawo ta kansu. Sai dai Tela ya lura da abu ɗaya, don yau ya sa ido: ya yi ƙasa a kwanar, sosai ma. Ya sake zagayawa, ya ja sanda ya ɗago shi, ya sake, ya sake, har man ya kusa ƙarewa. Ya sauke shi a hankali, tayoyi suka taɓa ƙasa ba ko tsalle.

Aka tafa, wani ya yi fito. Ciyaman ya kama hannunsa yana girgizawa. "Shi ke nan, magana ta wuce. Me ya same shi ne wai?"

"Wata 'yar waya ce ta saki."

"Kai, waya! Ka ga abin da ƙaramin abu ke jawowa. Ka gaishe mana da Yaya, ka ce masa jirginsa na nan da ransa."

Tela ya maida maƙalin a allo, ya saɓi jirgin ya kama hanyar bishiya. Filin bai taɓa yi masa tsawo irin na yau ba. Ya kwance fiffike, ya shigar da komai baya, ya yi ta gyara zaman abin da ya riga ya zauna. Da ya rasa abin gyarawa sai ya shiga ya rufe ƙofa.

Rimot ɗin na kife a cinyar Yaya, ɗan murfin baya a buɗe. Ko da haƙori ya ɓalle shi ko da farce, Tela bai sani ba. Yaya na kallon gaba, hawaye na bin gefen fuskar da ba ya motsi, bai ma san suna zuba ba.

"Bai... yanke ba," in ji Yaya.

"Bai yanke ba, Yaya."

A can fili wani ya tayar da injinsa.

"Matar nan... da goyo." Yaya ya juyo da kansa gaba ɗaya, don wuyan ba ya juyawa rabi. "Ni ne?"

"Waya ce, Yaya. Mai Rediyo ya ce waya ce ta..."

Yaya ya buɗe tafin hannunsa na hagu ya miƙo. Ya bar hannun a nan tsakaninsu. Tela ya dubi hannun, ya ga tsofaffin tabon zarto da kurfi. Ya sa yatsu a aljihu ya ciro kiristal ɗin ya ɗora masa.

Yaya ya kawo shi kusa da ido ya karanta lambar, ya juya shi, ya shafa ƙafafun biyu da babban yatsa. Tela ya ɗauka mayar da shi zai yi, har ya fara shirya abin da zai ce. Sai Yaya ya fitar da hannu ta taga, ya wurga shi cikin ciyawa, iya ƙarfin hannun.

"Yaya!" Tela ya kama marfin ƙofa zai fita. "Ba a samun irinsa fa, bari in..."

Hannun ya damƙe masa riga a kafaɗa, ya maido shi kan kujera. Tela bai san akwai sauran ƙarfi irin wannan a jikin ba.

"Gida," in ji Yaya.

Tela ya zauna yana kallon inda ciyawar ta ɗan motsa. Ya riƙe wurin a ido na ɗan lokaci, kusa da wani farin dutse, sannan ya ɗauke kai. Ya gyara wa Yaya bel ɗin da ya zame, ya murɗa makulli.